Kan Sarki: Gajeren Zangon Da Ke Kayar Da Zakaru

Yaran da aka haifa bayan zuwan wayar salula ba lallai ne su san abin da ake kira kan sarki ba. Wata 'yar takarda ce mai gefe kamar haƙoran zarto, wadda ba ta fi faɗin babban yatsa ba. Ana sayenta a gidan waya, a lashi bayanta, a manna ta a kusurwar ambulan. Turawan Birtaniya ne suka fara buga ta a shekarar 1840 da hoton kan Sarauniya Victoria, da ta iso ƙasar Hausa kuwa a zamanin mulkin mallaka ɗauke da kan sarkin Ingila na lokacin, sai kakanninmu suka raɗa mata sunan abin da suka gani a jikinta. Duk ƙanƙantarta, wasiƙa komai muhimmancinta ba ta barin gari sai da ita.

A gaɓar yammacin Sikotilan, a wani gari da ake kira Troon, akwai wani yanki na filin wasan golf da ke amsa wannan suna na Kan Sarki. Tsawonsa yadi 123 ne, wato kimanin mita 112, ɗoriya kaɗan a kan tsawon filin ƙwallon ƙafa. Shi ne mafi gajarta a duk filayen da ake zagayawa da gasar Open, wadda ta girmi sauran manyan gasannin golf na duniya. Yaro ɗan sakandare da ya ɗan koyi riƙon sanda zai iya aika ƙwallo ta yi wannan nisa. Amma zakarun duniya, waɗanda ke cilla ƙwallo yadi 300 ba tare da sun yi nishi ba, in suka iso nan sai ka ga sun tsaya suna duban sama, suna sauya sanda, suna shawara. Dalilin wannan tsayuwa shi ne abin da nake son mu duba tare da mai karatu.

Da yake ba kowa ne ya taɓa leƙa filayen golf na Kano ko Kaduna ko Jos ba, ya kamata a ɗan yi shimfiɗa. Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ana yinsa ne a fili mai zango 18. Kowane zango yana da mafari, inda ake bugun farko, yana kuma ƙarewa a wani dandamali na lallausar ciyawa da aka aske ƙwal. A kan dandamalin akwai rami mai faɗin inci huɗu da kwata, da tuta a cikinsa don a hango shi daga nesa. Wanda ya zagaye filin da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. An ƙayyade wa kowane zango adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi: dogo biyar, matsakaici huɗu, gajere uku. A gajeren zango, lissafin shi ne bugu ɗaya ya ɗora ƙwallo a dandamali, biyu kuma su gangarar da ita cikin rami. Ɗan wasa na da damar ɗaukar sanduna har 14. A cikin na ƙarfe, mai ƙaramar lamba tana korar ƙwallo nesa a ƙasa-ƙasa, mai babbar lamba kuwa tana ɗaga ta sama ta sauko kusa.

Wani taron ilimi ne ya kai ni birnin Glasgow a watan Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare. Wani dattijon farfesa mai ritaya, wanda ya haura shekara 70 kuma ɗan kulob ɗin Troon ne, ya ji cewa nakan ɗan taɓa wasan a gida, sai ya gayyace ni tare da wani ɗalibinsa na digirin digirgir, saurayi ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji. Daga babbar tashar Glasgow jirgin ƙasa yakan ɗauki kimanin minti 40. Sai ka bar hayaniyar birni, ka ratsa gonaki da makiyayar shanu, kafin ka ankara teku ta bayyana ta hannun dama. Troon ƙaramin gari ne mai tashar jiragen ruwa da gidajen jan dutse, tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. In ka tsaya a bakin ruwa, duwatsun tsibirin Arran na gabanka, can kudu kuma ga wani dutse shi kaɗai a tsakiyar teku kamar an kife ƙwarya. Shi ne Ailsa Craig.

Ƙasar da filin yake a kanta ta cancanci a yi bayaninta, domin ita ce asalin wasan. Tsakanin teku da gonaki akwai wani zirin ƙasa mai jigayin yashi da iska ta tara shekara da shekaru. Ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye, ciyawarta gajera ce mai tauri, ruwa ba ya kwanciya a kanta. A irin wannan ƙasa da manomi ya raina mutanen Sikotilan suka raini golf. Babu itatuwan da za su tare iska, sai wata ƙaya mai furanni rawaya da ke haɗiye ƙwallo kamar sarƙaƙƙiya. Daga kudu filin Troon ya yi iyaka da na Prestwick, inda aka fara gasar Open a 1860. Shi kansa kulob ɗin Troon an kafa shi a 1878, ya sami lambar girma ta sarauta a 1978 da ya cika shekara ɗari, ya kuma karɓi baƙuncin gasar Open sau goma, daga 1923 zuwa 2024. Takensa, wanda aka rubuta da Latinanci a jikin tambarinsa, yana cewa ne gwaninta da ƙarfi kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Filin yana da wata irin yaudara. Zango shida na farko sun miƙe kudu a gefen teku, kuma galibi iska tana bayan ɗan wasa tana tura masa ƙwallo. Sai mutum ya fara jin kansa, yana cewa ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Saurayin nan ya yi ta dukan ƙwallo tana ɓacewa a sararin sama, ta sauka yadi 70 ko 80 gaba da ta Farfesa. Zango na shida, wanda aka ja tsawonsa zuwa yadi 623 a gasar 2024, shi ne mafi tsawo da aka taɓa bugawa a tarihin gasar, kuma a nan ma saurayin ya yi rawar gani. Na bakwai ya juya wa teku baya ya kutsa cikin jigayi. Da ka gama shi sai ka hau wani tudu, ka juyo ka fuskanci teku, iskar da ke lallaɓa ka tun safe ta mare ka a fuska. Ka iso Kan Sarki.

Daga kan tudun komai a fili yake, babu abin da aka ɓoye. Ƙarƙashinka wani kwari ne mai doguwar ciyawa. A ƙetarensa ga dandamalin, dogo siriri kamar an shimfiɗa tabarmar mutum ɗaya, an yanko shi daga jikin wata jigawa da ke tsaye ta hagunsa, yana ƙara tsukewa ta wajen ƙarshe. Rijiyoyin yashi biyar sun kewaye shi. Na kira su rijiyoyi ne domin ba kamar faffaɗan yashin da ake gani a filayen Amurka suke ba. Masu zurfi ne, an gina bangonsu da yankakkiyar ciyawa ɗaya bisa ɗaya kamar jeren tubali, a tsaye cak. Ta dama ƙasa ta gangara ƙwarai, ƙwallon da ta sauka a gefen dandamali sai ta mirgina ta faɗa ciki. Ta hagu kuma, a gindin jigawar, akwai wata doguwa matsattsiya mai kusurwa huɗu da suke kira Akwatin Gawa. Da Bahaushe ne ya sa sunan da Makara zai ce.

Da can sunan zangon Ailsa, saboda dutsen nan da ake hangowa daga mafarinsa. Willie Park ƙarami, wanda ya ci gasar Open sau biyu, shi ne ya rubuta a wata mujallar golf cewa an rage wurin saukar ƙwallon har ya koma girman kan sarki, sunan kuwa ya bi shi har yau. Tun daga nan zangon yake tara labarai. A gasar 1950, wadda Bobby Locke na Afirka ta Kudu ya ci, wani Bajamushe mai suna Hermann Tissies ya yi bugu 15 a wannan wuri da aka ƙayyade wa uku, yana fita daga wannan rijiya yana faɗawa waccan. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji Hausawa, amma ya yi dubu bai fita ba.

A 1997 Tiger Woods ya zo Troon yana da shekara 21, wata uku bayan ya lashe gasar Masters da ratar bugu 12. A rana ta uku ya zagaye filin da bugu 64, duniya ta zuba ido. A ranar ƙarshe ya faɗa yashin Kan Sarki, ya tashi da bugu shida, zancen cin gasa ya ƙare. A 2024 Joaquin Niemann na ƙasar Chile ya yi takwas a nan. A wannan gasar dai, Shane Lowry ɗan ƙasar Ayilan, zakaran 2019, shi ke kan gaba bayan kwana biyu. A rana ta uku ƙwallonsa ta faɗa Akwatin Gawa, ya yi bugu biyar, daga nan wasansa ya kwance, ya gama yinin da 77, kofin kuma ya tafi hannun Xander Schauffele na Amurka.

Sai dai zangon ba mugunta kaɗai ya iya ba. Ernie Els na Afirka ta Kudu ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya tak a nan a 2004. Labarin da mutanen Troon suka fi so kuwa shi ne na Gene Sarazen. A 1923, yana matashi kuma zakara a Amurka, ya zo Troon ya kasa tsallake wasan share fage. Bayan shekara 50 cif, a 1973, ya dawo yana da shekara 71. A ranar farko ya ɗauki sandar ƙarfe mai lamba biyar, wadda matasa ke amfani da ita a nisan da ya fi wannan sosai, ya yi wa ƙwallo ɗan duka ƙasa-ƙasa cikin iska, ta sauka, ta gangara, ta shige rami. Kashegari ya faɗa yashi, ya bugo ta daga can, ta sake shigewa. Kwana biyu, bugu uku, bai taɓa sandar gangarawa ba. Ga mai neman sanin yadda ake bin gajeren zango, zaɓin sandar da wannan tsoho ya yi a ranar farko ya ƙunshi rabin karatun.

Sauran rabin na same shi ne daga bakin mai ɗaukar mana jaka, wani mutum mai furfura da iskar teku ta gasa wa fuska, wanda ya ce tun yana yaro yake bin wannan fili. Abu na farko da ya nuna mini shi ne cewa gajartar ita ce tarkon. Nisan yadi 123 yana kiran sanda mai babbar lamba, ita kuwa sama take aika ƙwallo, tana juyawa da baya da sauri. A can sama iska ta fi ƙarfi. In ta tari ƙwallo mai irin wannan juyi sai ta ƙara ɗaga ta, ta tsayar da ita kamar shirwa mai shawagi, sannan ta yar da ita inda ta ga dama. Wanda ya ji iska a fuska ya ƙara ƙarfin duka, ya ƙara wa ƙwallo juyi ke nan, ya kuma ƙara miƙa ta ga iskar. Maganin shi ne akasin abin da zuciya ke raya wa mutum. Ka ɗauki sandar da ta fi nisan da kake bukata da lamba ɗaya ko biyu, ka riƙe ta ƙasa kaɗan, ka rage lilon hannu, ka buga a natse. Ƙwallo za ta tafi ƙasa-ƙasa, ta huda iskar maimakon ta hau ta.

Na biyu, ya ce, lambar da ke rubuce a allo ba ita ce nisan ba. Akwai nisan da ƙwallo ke bukata ta tsallake yashin gaba, akwai nisan tsakiyar dandamali, akwai na ƙarshensa, kuma tilas ɗan wasa ya san dukkansu kafin ya zaro sanda. Sannan a lissafa da cewa mafarin yana bisa tudu, a lissafa da sanyi, domin ƙwallo ba ta tafiya a iska mai sanyi kamar yadda take yi a zafi. Ya kuma ce kada in dogara da tutar da ke kan dandamali wajen karanta iska, saboda jigawar hagu tana kare ta, sai ta kwanta lamo alhali sama ana guguwa. Ya nuna mini gajimare da saman teku da tsuntsayen ruwa, ya ce su ne ba sa ƙarya. Hatta wurin kafa ƙwallo zaɓi ne, domin doka ta yarda ka tsaya ko'ina tsakanin alamomi biyu na mafari, ka kuma ja baya har tsawon sanda biyu, in hakan zai sa nisan ya dace da sandar da ka fi amincewa da ita.

Na uku shi ne ya fi wuya a kan zuciya. Ya ce: "Dokta, tutar nan ba taka ba ce. Masu kula da fili ne suka kafa ta inda za ta ja ka. Naka shi ne tsakiya." A ranar an kafa ta can ciki ta hagu, taku kaɗan daga Akwatin Gawa. Wanda ya auna ta, in ya kuskure da taku uku ta hagu ya shiga makara. Wanda ya auna tsakiya kuwa, in ya kuskure da taku ukun nan, har yanzu yana kan ciyawa. Babu ɗan wasan da ƙwallonsa ke sauka daidai inda ya nufa a kowane bugu, ko da shi ne na ɗaya a duniya. Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne gwani ya san faɗin kuskurensa, yana kuma zaɓen wurin da zai auna ta yadda kuskuren zai sauka a inda ake iya gyarawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a kasuwa, haka yake a kan wannan tudu.

Farfesa ne ya fara. Bai ɓata lokaci ba. Ya zaro mai lamba bakwai, ya dubi teku sau ɗaya, ya yi wani ɗan lilo da bai kai kafaɗa ba. Ƙwallon ta tashi kamar an ja ta da zare, ta sauka a farkon dandamali, ta gangara zuwa tsakiya ta tsaya. Ni ma na bi abin da mai jaka ya ce, na ɗauki mai lamba takwas, na manta da tuta, tawa ta tsaya ɗan nesa da tasa ta dama. Saurayin ya yi murmushi, ya zaro sanda mafi ɗaga ƙwallo a jakarsa, wadda ya ce a ranar da babu iska tana kai masa wannan nisa daidai. Ya auna tuta, ya saki ƙarfinsa duka. Bugun ya yi kyau a ido. Ƙwallon ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya cak a sama, sannan ta karkata hagu ta nutse a Akwatin Gawa.

A nan darasi na huɗu ya fito. Da muka isa, saurayin na ciki, ƙafa ɗaya a yashi ɗaya a jikin bango, ga doka ta hana sanda ta taɓa yashin da ke bayan ƙwallo kafin bugu. Mai jaka ya ba shi shawara ya fitar da ita ta gefe, zuwa faffaɗan ɓangaren dandamali, ya haƙura da bugu huɗu. Ya ce a'a, yana ganin zai iya ɗora ta kusa da tuta ya ceci ukunsa. Ya buga, ta fito da gudu, ta ratsa siririn dandamalin, ta gangara rijiyar dama, wadda ta fi ta farko zurfi. Bugun farko a can ya daki bango ya dawo gabansa. Na biyu ya fita. Ya gangara sau biyu, ya tashi da shida. Ni da Farfesa kowa ya gangara sau biyu, muka rubuta uku-uku, ladan nawa kuwa na mai jaka ne.

Da muna tafiya zango na tara, Farfesa ya ce wa ɗalibin nasa bugun farko kuskure ne na bugu ɗaya kacal, sauran biyun shi ya saya da kuɗinsa. Ya tuna masa cewa dokokin wasan da kansu sun buɗe ƙofar haƙuri. Wanda ya ga ƙwallonsa ta shiga inda ba ta buguwa yana iya karɓar tarar bugu ɗaya ya koma inda ya bugo, kuma tun 2019 an yarda ya fito da ita bayan yashin gaba ɗaya a kan tarar bugu biyu. Mutane ba sa son amfani da wannan dama, in ji shi, saboda tana kama da sallamawa a gaban jama'a. Saurayin ya ce: "Gaskiya ne, Farfesa," amma daga ganin fuskarsa maganar ba ta gama shiga ba tukuna.

Daga zango na goma filin ya juya arewa, ya nufi gida, iska kuma ta zama abokiyar gaba har ƙarshe. Na 11 yana tafiya ne manne da layin dogo, katangar dutse ta dama, ƙaya ta hagu, jiragen Glasgow na wucewa da fasinjoji suna kallonka. A nan Jack Nicklaus ya yi bugu goma a 1962, shekarar da Arnold Palmer ya ci gasar. Gajerun zangunan filin huɗu ne, na 5 da na 8 da na 14 da na 17, kuma kowanne da irin tambayarsa. Na 17 ya haura yadi 200, dandamalinsa kamar bayan kunkuru, yana zubar da ƙwallo ta kowane gefe. A nan Farfesa bai ma yi ƙoƙarin kaiwa ba. Ya ajiye ƙwallonsa a gaban dandamali da gangan, inda babu yashi, ya gangaro da ita, ya karɓi huɗu yana murmushi. Ya san tsawon hannunsa, bai kuma ji kunyar a gani ba.

Na san wani zai ce golf wasan masu hannu da shuni ne, ina ruwan mai neman na masara da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma kulob irin na Troon ba ya rasa abin zargi, tunda sai a 2016 ya yarda mata su zama 'yan kulob, bayan shekara 138 da kafuwarsa. Amma a garin na Troon akwai wasu filaye uku mallakar ƙaramar hukuma, inda direba da ma'aikacin jinya da ɗan makaranta ke wasa da kuɗi kaɗan. Ban da haka ma, abin da Kan Sarki ke koyarwa bai tsaya ga masu sanda ba. A dogon zango, in ka ɓata bugun farko kana da na biyu da na uku da za ka gyara, ƙarfi yana rufa wa ganganci asiri. A gajere babu wannan sutura. Ga shi kuma a takardar lissafi bugun yadi 300 ɗaya ne, bugun taƙi ɗaya ma ɗaya ne.

A shekarun da na yi ina duba takardun jarrabawa da kundayen bincike, na ga ɗalibai masu ƙwazo da ke iya cika shafi goma a kan babbar tambaya, amma in aka ce su bayyana ma'anar kalma ɗaya a layi biyu sai su watse. Na ga kundi mai shafi 300 da taƙaitaccen bayaninsa na shafi ɗaya ya kasa faɗin abin da aka gano, alhali shafin nan shi kaɗai mafi yawan mutane za su karanta. Haka abin yake a sha'anin jama'a. Mun iya buɗe gadar sama da kaɗe-kaɗe, amma famfon da ke asibitin ƙauye, da allin da ke aji, da fitilar da ke kan titi, su ne kullum a lalace, domin kowa na ganin sun yi ƙanƙanta da a zauna a auna su. In kuma abu ya ɓaci, maimakon a karɓi ƙaramar asara a fita ta gefe, sai a nemi bugun bajinta da zai mayar da komai lokaci guda. Ɗan kasuwar da ya yi asarar dubu ɗari ya ciyo bashin miliyan don ya rama a mako ɗaya, daga Akwatin Gawa yake auna tuta. Ɗan hakin da ka raina, in ji magabata, shi ke tsone maka ido.

Mun gama wajen ƙarfe bakwai na yamma, rana na nan garau kamar la'asar. Muka zauna a ɗakin shan shayi na kulob, ta taga muna kallon masu ƙarasa zango na 18, Farfesa ya ɗauko fensir ya tara lissafi. Shi ya yi 84, ɗalibinsa 89. Saurayin ya karɓi takardar yana dubawa, don bai ga yadda tsohon da bai taɓa wuce shi a bugun farko ba ko sau ɗaya zai ba shi ratar biyar. Sai Farfesa ya sa fensir ya zagaye zango huɗu. A dogaye da matsakaita 14, saurayin ne a gaba da bugu biyu, 69 da 71. A gajeru huɗun nan kuwa Farfesa ya yi 13, shi ya yi 20.

Ya daɗe yana kallon lambobin. Da muka fito za mu kama hanyar tasha, sai ya tsaya wurin mai jaka ya tambaye shi ko yana da lokaci ranar Asabar da safe. Ya ce zai bar manyan sandunan a gida, zai zo da uku kawai, yana son a koya masa bugun yadi ɗari.